Bitamin da Ƙarin Sinadarai Ga Yara: Yadda Za Ku Gane Wanda Zai Taimaki Karatun Ɗanku

Duk uwa ko uban da ya ga ɗansa yana fama da karatu, ana koya masa yau gobe ya manta, dole ya yi tunanin ko akwai wani abin da za a ba yaron ya sha kansa ya buɗe. Masu sayar da bitamin sun san wannan damuwar sarai. Shi ya sa za ku ga kwalabe jere a kantin magani, kowace da hoton yaro riƙe da littafi yana murmushi, an rubuta cewa tana ƙara basira da saurin haddacewa.

Gaskiyar lamarin ita ce akwai sinadaran da rashinsu ke dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma idan aka gano aka mayar masa da su a kan lokaci ana ganin amfani. Yaron da jikinsa ke da isasshe kuwa, ƙarin da za a ba shi ba zai ƙara masa fahimta ba. Randar da ruwanta ya yi ƙasa in an zuba mata za ta tashi, wadda ta cika sai dai a jiƙa ƙasa. Abin tsoron ma shi ne jikin yaro ba kowane rara yake zubarwa ba: sinadarin ƙarfe da bitamin A da D zama suke yi su taru har su yi illa. Don haka aikin iyaye shi ne gano ko akwai giɓi, a ina yake, da yadda za a cike shi lafiya. Ga yadda za a bi abin daki-daki.

Mataki na farko: ku fara da shekarun yaron

Ƙwaƙwalwa ba ta girma a kan sauri ɗaya. Mafi yawan gininta ana yin sa ne daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, lokacin da masana ke kira kwanaki 1,000 na farko. Kafin yaro ya kai shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Wannan ne ya sa sinadari ɗaya zai iya yin tasiri babba ga jariri ko ɗan tayi, ya yi ɗan kaɗan ga ɗan shekara 10.

Wani bincike da aka yi a ƙauyuka huɗu na ƙasar Gwatemala daga 1969 zuwa 1977 ya nuna wannan a fili. Ƙauyuka biyu an riƙa ba mata masu ciki da ƙananan yara wani abin sha mai kauri da ke da furotin da kuzari, sauran biyun kuma wani ruwan zaƙi marar furotin. Da aka koma wajen yaran bayan sun zama manya, waɗanda suka sami mai gina jikin tun suna ƙanana sun fi iya karatu da fahimtar abin da suka karanta, matan sun fi daɗewa a makaranta, mazan da suka sha shi kafin shekara 2 kuma abin da suke samu a awa ɗaya ta aiki ya fi na sauran da kashi 46 cikin 100. Waɗanda suka fara sha bayan sun wuce shekara 3 ba a ga wannan riba ta kuɗin shiga a wajensu ba. A lura kuma, abinci ne aka ba su mai ɗauke da sinadarai, kuma yara ne da dama ke cikin rashi.

Saboda haka idan ana maganar ƙwaƙwalwar yaro, mutum na farko da ya kamata a duba ita ce uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta riƙa shan ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid (wani nau'in bitamin B) maikurogiram 400 kullum. Folik asid ɗin ya fi amfani idan an fara shi tun kafin a ɗauki cikin, domin bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba. A Nepal an bibiyi yaran da iyayensu mata suka sha ƙarfe da folik asid lokacin goyon ciki, aka tarar a shekara 7 zuwa 9 sun fi riƙe abu a ka da iya sarrafa yatsu. Idan akwai mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki a gidanku, kuɗin da za a kashe a kanta ya fi na kowace kwalbar "ƙarin basira" riba.

Mataki na biyu: ku rubuta abin da yaron ke ci na mako ɗaya

Ku samu takarda ku rubuta abin da ya shiga cikinsa da gaske, ban da abin da aka zuba masa ya bari a kwano. Bayan kwana bakwai sai ku duba: sau nawa ya ci nama, hanta, kifi ko ƙwai? Sau nawa ya ci wake da danginsa, ganye, 'ya'yan itace? Madara nawa yake sha? Yana shan shayi tare da abinci?

Tambayar madara tana ba iyaye mamaki. Madarar shanu abinci ce mai kyau, sai dai ƙarfen da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 da ke wuni da kofin madara a hannu, cikinsa ya cika ya ƙi abinci, yana iya yin ɓul-ɓul a ido alhali jininsa ya yi ƙasa. Shayi kuma yana hana hanji tsotse ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye.

Sai ku dubi yaron kansa a wuri mai haske. Ku ɗan ja fatar idonsa ta ƙasa: cikinta ya kamata ya zama ja sosai, in ya yi fari-fari akwai alamar tambaya. Ku buɗe tafin hannunsa ku ɗora kusa da naku ku kwatanta. Ku lura ko yana saurin gajiya, yawan fushi da kuka, rashin son wasa, ko yana cin ƙasa, alli ko tauna ƙanƙara. Ku duba gaban wuyansa lokacin da yake haɗiye ruwa ko akwai kumburi. Ku tambayi kanku ko yana tuntuɓe da lalube in magariba ta yi. Waɗannan duk dalilai ne na zuwa asibiti. Sai dai rashin ganinsu bai wanke yaro ba, domin ƙarfe yana ƙarewa a ma'ajiyar jiki tun kafin jini ya sauka har a gani a ido.

Mataki na uku: ku duba gishirin gidanku

Wannan shi ne mataki mafi arha, kuma a ganina mafi muhimmanci a duk jagorar nan. Rashin sinadarin aidin (iodine), wanda ake sawa a gishiri, shi ne babban abin da ke jawo naƙasar ƙwaƙwalwa wadda za a iya kauce mata a duniya. Wata ƙaba da ke gaban wuya ce ke amfani da aidin wajen haɗa sinadaran da ke jagorantar ginin ƙwaƙwalwa. In aidin ya yi ƙaranci ƙabar ta kumbura, shi ne maƙoƙo. In rashin ya yi tsanani lokacin ciki, ana iya haifar yaro da kurumta, tsumburewa da raunin hankali na dindindin. Da aka tattara bincike-binciken da suka kwatanta yankunan da ke da aidin da waɗanda ke cikin matsanancin rashi, tazarar da aka samu a gwajin kaifin basira ta kai maki 12 zuwa 13.

Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924, yau kuma yawancin ƙasashe suna yi. Abin da ake buƙata ɗan mitsitsi ne: maikurogiram 90 a rana ga yaro har shekara 5, 120 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, 250 ga mai ciki da mai shayarwa.

Akwai labari mai daɗi ga iyayen yaran da suka riga suka shiga makaranta. A Albaniya an ba yara 'yan shekara 10 zuwa 12 masu ƙarancin aidin sinadarin, bayan wata shida saurin sarrafa bayani da warware matsala ya ƙaru. A Niyu Zilan, inda rashin bai ma yi tsanani ba, an ga ci gaba a gwajin tunani bayan mako 28. Wato a nan ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba.

Abin yi: ku karanta jikin ledar ko kwalin gishiri ku tabbatar an rubuta yana da aidin. Ku zuba shi a mazubi mai murfi, nesa da zafin murhu da danshi, domin aidin yana gushewa. Kada ku ƙara yawan gishirin da kuke ci saboda wannan, wanda ake sawa a girki ya isa. Jaririn da bai kai shekara 1 ba ba a sa masa gishiri a abinci, nasa aidin ta nonon uwa yake zuwa. Kuma kada a sayi ƙwayoyin aidin ko garin ciyawar teku a ba yaro haka kawai, yawansa ma yana rikita ƙabar wuyan.

Mataki na huɗu: ƙarfe, a gwada jini kafin a ba da shi

A nan ne aka fi samun amfani, a nan ne kuma aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan tsaya.

Ƙarfe ba jini kaɗai yake yi ba. Ƙwaƙwalwa na buƙatarsa wajen yin rufin da ke lulluɓe jijiyoyi don saƙo ya yi sauri, da haɗa sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, da ginin sashen da ke adana abin da aka koya. Jaririn da aka haifa a kan lokaci yana zuwa da ajiyar da za ta kai shi wata 4 zuwa 6. Daga nan dole abinci ya karɓa, kuma buƙatar tana da yawa: miligiram 11 a rana daga wata 7 zuwa 12, abin da ya fi na babban namiji. Bakwaini da wanda aka haifa ba nauyi ajiyarsu ba ta kai haka ba, su likita kan fara ba su tun da wuri. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 40 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 a duniya suna da ƙarancin jini.

Likitar yara Betsy Lozoff ta bibiyi wasu jarirai a Kosta Rika har suka kai shekara 19. Waɗanda suka yi fama da matsanancin rashin ƙarfe suna jarirai sun ci gaba da zama a baya a gwaje-gwajen fahimta duk da an yi musu magani, kuma tazarar ta fi faɗi a gidajen da ba su da hali. Darasin shi ne kada a bari rashin ya faru tun farko. Ga 'yan firamare kuwa, wani nazari na 2013 da ya haɗa gwaje-gwaje da yawa ya nuna shan ƙarfe kullum na inganta natsuwa da mayar da hankali, kuma masu ƙarancin jini sun ƙaru da fiye da maki 4 a gwajin basira.

To me ya hana a ba kowane yaro? Abubuwa uku. Na ɗaya, a Bangaladash an gwada jarirai 3,300 'yan wata 8, aka ba wasu ƙarfe na wata uku, wasu kuma abin da ba komai a ciki. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna ƙarancin jini ya ragu, amma ba a ga bambanci a ci gaban fahimtarsu ba. Na biyu, a Chile Lozoff ɗin dai ta gano jariran da jininsu ke sama tun farko aka kuma ba su madarar gwangwani mai ƙarfe da yawa, a shekara 10 sun yi ƙasa da takwarorinsu a wasu gwaje-gwaje. Na uku shi ne mafi nauyi: a tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, sai da aka dakatar da ba yara ƙarfe da folik asid a wani babban gwaji saboda waɗanda ke sha sun fi kwanciya a asibiti. An buga wannan a 2006. Tun daga nan ƙa'idar ita ce, inda ake da wannan zazzaɓi, ƙarfe yana tafiya ne tare da gidan sauro da gwaji da magani cikin gaggawa.

Ga yadda za ku bi:

Ku nemi a auna jinin yaron. Ga ɗan shekara 2 zuwa 5, ƙasa da giram 11 a ma'aunin himogulobin (sinadarin da ke sa jini ja) ƙarancin jini ne, ga ɗan shekara 5 zuwa 11 kuma ƙasa da 11.5. In da hali a haɗa da gwajin feritin, wanda ke nuna ajiyar ƙarfe. Kada a yi shi yaro na cikin zazzaɓi, domin rashin lafiya na ɗaga sakamakon ya ɓoye rashin.

Ku tambayi dalili. Ƙarancin jini ba kullum daga rashin ƙarfe yake ba. Tsutsar ciki mai shan jini, zazzaɓin cizon sauro, cutar sikila da danginta, da gubar dalma duk suna kawo shi. Yaron da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai ƙarfe ma yawa yake yi masa, ba a ba shi sai da umarnin likitansa. Akwai kuma alaƙa mai haɗari tsakanin ƙarfe da dalma: jikin da ke ƙishin ƙarfe ya fi tsotse dalma, ita kuwa dalma babu wani adadinta da ke da lafiya ga ƙwaƙwalwar yaro.

In an tabbatar, likita zai ƙayyade adadi bisa nauyin yaron. Ku ba shi tsakanin abinci in cikinsa zai ɗauka, tare da ɗan ruwan lemu ko wani ɗan itace mai tsami, domin bitamin C na taimaka wa tsotsewa. Ku raba shi da madara da shayi da kamar awa biyu. In na ruwa ne, ku ɗiga shi can bayan harshe sannan a goge haƙora, saboda yana sa su baƙi. Kashi zai yi duhu, wannan ba komai ba ne. In ya sa taurin bayan gida ko tashin zuciya, ku koma a gyara adadin maimakon ku daina a ɓoye.

Mataki na biyar: sauran sinadaran, kowanne da aikinsa

Bitamin B12 daga nama, kifi, ƙwai da madara kaɗai ake samunsa. Uwar da ba ta cin waɗannan, ko ba ta samun su, nononta zai yi ƙarancinsa. Jaririn sai ya yi laushi, ya daina murmushi, abin da ya iya a da kamar zama ko riƙe kai ya koma baya. Wannan na gaggawa ne, jinkiri na iya barin tabo a ƙwaƙwalwa. Duk gidan da ba a cin abin da ya fito daga dabba, ƙarin B12 wajibi ne ga uwa da yara.

Bitamin A yana kare ido da garkuwar jiki. A ƙasashen da ake da rashinsa ana ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 babban adadi duk bayan wata 4 zuwa 6, kuma yana rage mace-mace da makanta. Ku karɓa in ana bayarwa, ku rubuta ranar a katin yaron don kada a maimaita kusa-kusa. Bitamin D na ƙashi ne, ƙasashe da yawa na ba jarirai masu shan nono ma'auni 400 (ana rubuta shi IU a jikin kwalba) a rana. Zinki kuma ana ba da shi kwana 10 zuwa 14 lokacin gudawa tare da ruwan gishiri da sukari. Dukkansu suna da amfani na gaske, kuma yaron da ba ya yawan ciwo ya fi zuwa makaranta. Amma gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna suna ƙara basira kai tsaye ba.

Mataki na shida: man kifi da ƙwayoyin bitamin masu haɗe-haɗe

Waɗannan su ne aka fi tallatawa. Gaskiya ne kitsen nan na omega-3 da ake kira DHA yana cikin tubalan ƙwaƙwalwa da ido. Amma kasancewar abu a cikin ƙwaƙwalwa bai nuna shan ƙarinsa zai ƙara mata aiki ba. A Ostireliya an ba mata masu ciki fiye da 2,000 man kifi ko man da ba shi da DHA, da 'ya'yansu suka kai wata 18 ba a ga bambanci a fahimta ko magana ba. A Ingila masu bincike na jami'ar Oksfod sun ba 'yan shekara 7 zuwa 9 masu raunin karatu DHA, a 2012 suka ga alamar ci gaba a wajen waɗanda suka fi rauni. Da suka maimaita gwajin, sakamakon 2018 bai tabbatar da hakan ba. Inda aka ga amfani a fili shi ne bakwainin da aka haifa kafin mako 29: waɗanda aka ƙara wa DHA a asibiti sun fi da kimanin maki 3.5 a shekara 5. Nan ma giɓi ne aka cike, domin a watannin ƙarshe na ciki ne ɗan tayi ke tara wannan kitsen, su kuwa sun rasa watannin.

Shawarata ita ce yaron da ke cin kifi sau ɗaya ko biyu a mako, musamman mai maiƙo irin sadin, ba ya buƙatar kwalba. Yaron da likita ya tabbatar yana da matsalar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, man kifi na iya ɗan taimakawa kaɗan, sai dai ba ya maye gurbin kulawar da aka tsara masa.

Ƙwayoyin bitamin masu haɗe-haɗe sun yi tashe ne tun 1988, lokacin da David Benton da abokin aikinsa suka buga wani gwaji a kan 'yan makaranta a Wales da ya nuna ƙaruwa a wani ɓangare na gwajin basira. Iyaye suka yi ta rububin saye. Binciken da ya biyo baya ya nuna in ma akwai amfani, yana wajen yaran da abincinsu ba shi da kyau ne. Yaro mai tsananin zaɓen abinci, ko mai ciwon hanji da ke hana tsotsewa, ko wanda gidansu ke cikin ƙunci, ƙwaya ɗaya ta yara a rana abu ne mai ma'ana. Ga jarirai 'yan wata 6 zuwa 23 a wuraren da ake fama da rashi akwai garin sinadarai da ake barbaɗawa a abinci, da wani maiƙon haɗi na ƙananan ƙunshi da cibiyoyin lafiya ke rabawa, wanda aka ga yana ɗan inganta magana da motsin jiki.

Mataki na bakwai: karanta kwalba, da ajiye ta

A ƙasashe da yawa ba a tantance ƙarin sinadarai kamar yadda ake tantance magani. A Amurka, alal misali, dokar 1994 ta ba kamfani damar fitar da su kasuwa ba tare da ya fara tabbatar wa hukuma cewa suna aiki ba. Don haka nauyin dubawa yana kanku.

Ku nemi lambar rajistar hukumar kula da magunguna ta ƙasarku da ranar lalacewa. Ku duba shekarun da aka rubuta. Ku duba jerin sinadaran da adadin kowanne, duk kwalbar da ta ce "haɗin sirri" ba adadi ku ajiye ta. A kan ƙarfe, akwai bambanci tsakanin nauyin ƙwayar da zallar ƙarfen da ke ciki: ƙwayar ƙarfe ta feros salfet mai miligiram 325 zallar ƙarfenta 65 ne, kuma da zallar ake lissafi. In yaro na shan abu biyu ko uku, ku jera su gaban mai ba da magani ya haɗa jimillar, domin bitamin A da zinki sukan maimaitu. Ku guji garin ganyayyaki da haɗe-haɗen da ba a san tushensu ba da ake cewa suna buɗe ƙwaƙwalwa, an sha samun dalma da wasu ƙarafa masu guba a irinsu.

Ajiya kuma batu ne na rai. Bitamin masu kama da alewa yaro ba ya bambanta su da alewa, kuma kada ku taɓa ce masa alewa ce don ya sha. Ƙwayoyin ƙarfen uwa mai ciki sun fi haɗari, kaɗan daga cikinsu na iya kashe ɗan shekara 2. Ku kulle su a sama. In kuka tarar da kwalba a buɗe a hannun yaro, ku ɗauke shi da kwalbar zuwa asibiti nan take ko da yana wasa. Gubar ƙarfe takan fara da amai da ciwon ciki, ta lafa na wasu awanni kamar an warke, sannan ta dawo ta kama hanta.

Mataki na takwas: abin da ba ya cikin kwalba

A Kingiston ta Jamaika, a ƙarshen shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara kilo ɗaya duk mako. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gida sau ɗaya a mako tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta ambaci sunayen abubuwa, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Wasu sun sami duka biyun. Bayan shekara biyu kowanne ya yi amfani, waɗanda suka haɗa biyun suka fi kowa. Da shekaru suka ja, amfanin madarar ya dusashe, na wasan ya tsaya. Bayan shekara 20 waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100.

Wannan binciken yana taɓa ni ƙwarai, domin abin da ya fi daɗewa shi ne wanda kowace uwa da kowane uba ke da ikon yi. Ku yi wa jariri hira kuna yi masa wanka, ku amsa gwarancinsa, ku ba ɗan shekara 3 labari ku bar shi ya ƙarasa, ku saurari ɗan firamare yana karanta muku ko da yana tuntuɓe. Ku tabbatar ya karya kumallo kafin makaranta, kuma yana samun barci awa 9 zuwa 12 in yana tsakanin shekara 6 da 12.

Mataki na tara: ku koma a sake aunawa

Ku rubuta ranar da aka fara kowane sinadari da dalilin farawa. In ƙarfe ne, ana sa ran jini ya tashi da kamar giram 1 cikin mako huɗu. In ya tashi, a ci gaba wata biyu zuwa uku don cike ajiya, sannan a tsaya. In bai motsa ba alhali yaron na sha yadda aka ce, a sake neman dalili: ko yana zubar da jini ta hanji, ko hanjin ba ya tsotsewa, ko dama matsalar ba ta ƙarfe ba ce.

Abin da za ku fara gani in an dace shi ne cin abinci ya dawo, fushi ya ragu, yaron ya fi son wasa da zama a kan aiki. Sakamakon jarrabawa yakan biyo baya a hankali. Ku tambayi malaminsa abu takamaimai: yana gama aikin aji? Yana bin umarni mai gaɓa biyu ko uku? Yana gyangyaɗi da safe?

In jini ya daidaita, gishiri na da aidin, abinci ya gyaru, amma karatu na nan jiya i yau, to ba a nan gizo ke saƙa ba, kuma sauya kwalba ba zai kai ku ko'ina ba. A gwada idonsa, yara da yawa da ake ce wa daƙiƙai allon ne ba sa gani. A gwada kunnensa, musamman in ya sha fama da ciwon kunne ko yana yawan cewa "na'am?" A lura ko yana minshari da ɗauke numfashi cikin barci, ko yana ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu yana kallon wuri ɗaya, wanda kan zama wani nau'in farfaɗiya. A tambaye shi a natse ko ana dukansa ko tsangwamarsa a makaranta. In kuma yana da wayo a magana da lissafin baki amma haruffa na rikice masa, ku nemi a kai shi wajen masanin matsalolin koyon karatu, domin irin wannan da salon koyarwa na musamman ake shawo kansa, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon sauƙin aikin.